Muhawara: A Bakin Iyaka ko a Cikin Kasuwa, Ina Ya Kamata a Nemi Kuɗin Fito?

Abban Sadiq, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina so in ajiye wata magana a gaban wannan zaure, domin na san akwai 'yan kasuwa da masu fiton kaya da lauyoyi a cikinmu, waɗanda suka fi ni sanin ciki da wajen al'amarin. A watan Disamba na 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a nan Kaduna ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan kasuwa da jami'an kwastam suka tare motarsa a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya a 2019, tana ɗauke da buhu 613 na shinkafa 'yar waje da buhu 80 na gero. Kotun ta tabbatar da hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ta wanke shi, ta ce hanyar Kaduna zuwa Zariya ba iyakar ƙasa ba ce, kuma mutumin da ya sayi kaya a kasuwa a cikin Najeriya ba shi ne ya shigo da su ba, sannan ta umarci a mayar masa da kayansa.

Ni dai ban taɓa jayayya da cewa gwamnati tana da haƙƙin karɓar kuɗin fito a kan duk abin da aka shigo da shi ba, kuma ban ɗauki ɗan fasa-ƙwauri a matsayin wanda aka zalunta ba. Abin da nake tambaya shi ne wurin da ya kamata a nemi wannan kuɗi, da kuma wanda ya kamata a nema a hannunsa. Daga Jibiya ko Illela ko Maigatari zuwa Kaduna tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma tirelar da ta ɗauko shinkafa ba ta ɓuya a kan titi. Idan ta wuce duk waɗannan wurare ta sauke kaya a sito, aka rarraba su a shaguna, sai kuma a zo a kama ƙaramin ɗan kasuwar da ya sayi buhu ashirin da ɗan jarinsa, to a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ra'ayina shi ne a tsananta a tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama da bakin iyaka gwargwadon yadda ake so, amma da zarar kaya sun shiga hannun mai saye na biyu da na uku, a bi wanda ya shigo da su da wanda ya bari suka wuce, a ƙyale mai shago. Ina son jin ta bakin waɗanda suke ganin akasin haka.

Baba Ɗanjuma, Kakuri:

Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, ɗana, na karanta abin da ka rubuta, kuma ban yarda da kai ba, ko da yake na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Ni ma'aikacin masaƙa ne tun ina saurayi har ranar da aka rufe ƙofa. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna, ita ce ta fara mayar da Kakuri unguwar masana'antu, daga baya su Arewa da UNTL da Nortex da Finetex suka biyo baya. Wanda bai ga Kakuri a lokacin canjin aiki ba, sa'ad da jiniya za ta yi kuka dubban mutane su fito a kan kekuna su cika titi, masu abinci da masu shayi suna jiransu a bakin ƙofa, ba zai gane abin da garin nan ya rasa ba. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, kuma yau ciyawa ce ta rufe wuraren da injuna suke ruri dare da rana.

Atamfar da ta durƙusar da mu ba a ɓoye aka sayar da ita ba. An buga ta a ƙasar Sin, an kwaikwayi zanen da masu zanenmu suka zauna suka fitar, wani lokaci har da tambari, aka sauke ta a Kwatano ko Lome, aka biyo da ita ta Nijar, aka jibge ta a manyan sito a cikin biranenmu kowa yana gani. Idan aka ce da zarar kaya sun tsallake iyaka sun tsira, to an gaya wa ɗan sumoga cewa wahalarsa ta dare ɗaya ce, daga nan babu mai taɓa shi. Wanda zai shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya yana yin haka ne domin ya san akwai kasuwar da za ta karɓa ba tare da tambaya ba. Ranar da mai sito da mai shago suka fara jin tsoron ajiye kayan da ba su da takarda, ranar ce ɗan sumoga zai rasa mai saye.

Hajiya Maman Hanifa, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Babu ɗan Kaduna da zai ji maganar masaƙu zuciyarsa ba ta sosu ba, ni kaina mahaifina da albashin masaƙa ya aurar da mu. Amma ina roƙon ku dubi halin da muke ciki mu masu ƙaramin jari. Ni atamfa da shadda da leshi nake sayarwa, kuma daga Kantin Kwari nake saro su. Idan na shiga shagon dila a Kano, abin da ke gabana turmi ne a cikin leda, da farashi, da rasidin da zai rubuta mini. Babu wata alama a jikin turmi da za ta nuna mini cewa kwantenar da ta kawo shi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ta shigo an biya mata fito, ko ta Maraɗi aka zagayo da ita da dare. Idan na ce ya nuna mini takardun fito, zai ce shi ma a hannun wani ya saya, kuma ko ya nuna mini ban san ta gaske da ta jabu ba.

Tun 2015 aka cire yadi daga jerin kayan da aka haramta shigowa da su, aka mayar da shi kan haraji. Wato turmi biyu iri ɗaya, launi ɗaya, za su iya kasancewa a kan kanta ɗaya, ɗaya an biya masa fito, ɗaya ba a biya ba, kuma ko jami'in da zai zo kamawa ba zai iya bambance su da ido ba. To yaya za a ɗora mini laifin abin da ba ni da hanyar saninsa? Idan ana so mu ji tsoro kamar yadda kuka ce, Baba, sai a fara ba mu hanyar tantancewa.

Alhaji Bello mai fito, Barnawa:

Salamu alaikum. Fiton kaya ita ce sana'ata, saboda haka bari in shigo da lissafi, domin ana yawan maganar sumoga ba tare da an dubi abin da ke tura mutum cikinta ba. Wanda zai shigo da kaya ta hanyar da doka ta shimfiɗa yana farawa ne da buɗe Fom M, wato takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya, a banki. Bayan mai sayarwa ya turo takardun jirgi, kwastam ta fitar da takardar PAAR, wadda ke nuna ajin kayan da darajar da aka yarda da ita. Daga nan mu masu fito za mu shigar da bayanin kayan a kwamfuta, lissafi ya fito, a biya a banki, a duba kayan, sannan a sallame su. Najeriya tana bin jadawalin bai ɗaya na ECOWAS tun 2015, mai matakai biyar: sifiri, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. Ana ɗora wannan kaso ne a kan kuɗin kayan haɗe da inshora da kuɗin jirgi. Sai ƙarin kashi 7 cikin ɗari na shi kansa kuɗin fiton, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da harajin VAT na kashi 7.5 wanda ake lissafawa a kan jimillar duka, ban da haraji na musamman da ake ƙara wa wasu kaya kamar motoci da shinkafa da sukari.

Abin da ya fi girgiza mu a 'yan shekarun nan ba kason ba ne, canjin dalar da ake lissafi da shi ne. Kafin Yuni na 2023 ana lissafa mana dala a kan naira 422. Bayan an saki naira ta koma 589, ta koma 770, a Disamba ta kai 951, a farkon Fabrairu na 2024 ta zama 1,356, kafin watan ya ƙare ta haura 1,600. A ɗauki misalin kayan dala 10,000 masu fiton kashi 20. A tsohon canji fitonsu naira 844,000 ne, a canjin 1,356 kuwa naira 2,712,000 ne, alhali kayan nan su ne dai ba su ƙaru ba. Akwai lokacin da mutum zai yi lissafi da safe, kafin ya haɗa kuɗin ya je banki adadin da ke cikin kwamfuta ya canza, kuma kowace rana kwantena ta ƙara kwana a tasha kamfanin jirgi da masu tasha suna cajin kuɗin jinkiri. Wannan ne ya sa Babban Banki ya ba da umarni a Fabrairu na 2024 cewa a riƙa amfani da canjin ranar da aka buɗe Fom M. A 2025 kuma aka fara karɓar kashi 4 cikin ɗari na darajar kaya wanda sabuwar dokar kwastam ta tanada, masu masana'antu da 'yan kasuwa suka yi ca, aka dakatar.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, duk lokacin da fito ya yi tsada a Legas ya yi sauƙi a Kwatano, tazarar da ke tsakani ita ce ribar ɗan sumoga. An gani a 2013, sa'ad da aka kai harajin shinkafa kashi 110 cikin ɗari: jiragen shinkafa suka karkata zuwa Jamhuriyar Benin, ƙasar da mutanenta ba su kai yawan da za su cinye abin da ake saukewa ba, kowa kuma ya san inda sauran ke tafiya. Da bindiga kaɗai ba za a rufe wannan tazara ba, ko a iyaka ko a kasuwa.

Malam Haruna, tsohon jami'in kwastam, Kawo:

Alhaji Bello ya faɗi gaskiyar lissafi, ban ga abin gyarawa ba. Amma Abban Sadiq, ina so ka san yadda iyakar take kafin ka ce a tsaya a can kawai. Tsakaninmu da Nijar kimanin kilomita 1,500 ne, mafi yawansa fili fetal, babu kogi babu dutse. Akwai garuruwan da gonar mutum tana Najeriya, gidansa yana Nijar, surukansa suna ɓangarorin biyu. Kayan da kake tunani ba a tirela suke tsallakowa ba. Ana sauke su a can, a ɗora wa babura buhu uku ko huɗu, ko a cire kujerun ƙaramar mota a danƙara mata, su bi ta cikin gonaki da dare fitila a kashe, a tara a wani gida a ƙauye, sai an cika lodi sannan babbar mota ta zo, wani lokaci a sauya buhu, wani lokaci a shimfiɗa gero ko masara a sama. Jami'an da ke ƙofar Jibiya ko Kwangwalam ba su ga wannan kaya da idonsu ba balle a ce sun bari sun wuce. Shi ya sa aka kafa rundunonin shiyya, kuma ta Shiyya ta B a nan Kaduna take da hedikwata, domin abin da ya kuɓuce a gaba a tare shi a baya.

Kuma kada mu manta ba shinkafa da atamfa kaɗai ake kamawa a waɗannan hanyoyi ba. Ta nan ake kama ƙwayar Tramadol da maganin tari mai kodin da magungunan da wa'adinsu ya wuce da makamai, kuma akwai abokan aikinmu da suka bar marayu a kan wannan aiki. Dangane da kuɗin shiga, hukumar kwastam ta tara kimanin naira tiriliyan 3.2 a 2023, da tiriliyan 6.1 a 2024. Mafi yawansa asusun tarayya yake shiga a raba da jihohi da ƙananan hukumomi, har da Jihar Kaduna. Ban ce kowane jami'i tsarkakakke ne ba, amma idan aka janye sintiri daga cikin ƙasa gaba ɗaya, wanda zai fara murna ba mai shago ba ne.

Abban Sadiq:

Na gode, Malam Haruna, kuma Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Sai dai ita hukumar da kanta ta sha nuna cewa yawan shinge a cikin ƙasa ba shi ne mafita ba. A 2017, zamanin shugabancin Kanar Hameed Ali a hukumar, wanda ya taɓa mulkin jihar nan daga 1996 zuwa 1998, an ba da umarnin rushe shingayen da suka wuce kilomita 40 daga iyaka, aka ce sintiri a cikin ƙasa sai da takamaiman bayanin sirri. Bashir Adewale Adeniyi kuma yana hawa shugabancin hukumar a 2023 ya rushe runduna ta musamman da ke ƙarƙashin ofishin Kwanturola Janar. Ni ban ce a bar mai ɗauke da ƙwaya ko makami ya wuce ba, wannan haramtaccen kaya ne ko a hannun wa aka same shi. Maganata a kan kayan halal ce waɗanda laifinsu kawai shi ne wani can baya bai biya musu fito ba.

Barista Amina, Malali:

Ina ganin akwai buƙatar a yi hattara da yadda ake fassara hukuncin nan, domin na ji wasu a kasuwa suna cewa kotu ta hana kwastam aiki a ko'ina sai a boda, kuma wannan fahimta za ta iya jefa mutum cikin asara. Kamen da aka yi shari'a a kansa ya faru ne a 2019, lokacin da ake aiki da tsohuwar dokar kwastam ta 1958. A Afrilu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta, kuma ita ma ta bai wa jami'ai ikon yin sintiri da binciken motoci da wuraren ajiya idan akwai dalilin zargi. Tuhumar da aka yi wa wancan ɗan kasuwa ita ce shigo da kayan da aka hana shigowa da su ta iyakar ƙasa, kotu kuma ta ga ba a tabbatar da cewa shi ya shigo da su ba. Abin da ya taimake shi shi ne ya iya nuna cewa saye ya yi a kasuwa.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a dokar kwastam ana iya bin kayan da kansu, ba mutum kaɗai ba. Ana iya wanke mutum daga laifi, amma a nemi kotu ta mallaka wa gwamnati kayan idan an tabbatar ba a biya musu fito ba, kuma irin waɗannan dokoki sun saba ɗora nauyin kawo hujjar biya a kan wanda aka sami kayan a hannunsa. A nan ne nake tare da Hajiya Maman Hanifa. Ɗora wa mutum nauyin hujja yana da ma'ana idan shi ne ya buɗe Fom M, takardu suna cikin jakarsa. Ga mai saye na huɗu kuwa, an nemi ya kawo abin da bai taɓa riƙewa ba. Shawarata ga 'yan kasuwarmu ita ce kada su karɓi kaya ba tare da rasidi mai ɗauke da sunan shago da adireshi da kwanan wata da adadin kaya ba, kuma direba ya riƙe takardar lodi. Wannan ba ya hana a tare mota, amma shi ne abin da lauya zai tsaya a kansa.

Abdul, Mando:

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in kawo misalin mota, domin a kaina ya faru. Na tara kuɗi na sayi ƙaramar mota 'yar Beljiyam a hannun wani dillali, ya ba ni takardun fito masu hatimi da sa hannu, na yi rajista na sa lamba, ina ta harkokina. Daga baya aka duba a hanya, aka shigar da lambar takardar a kwamfuta, sai ga shi ta wata mota ce daban, an goge lambar shasi an buga tawa a kai. Na koma wurin dillalin, ya ce shi ma haka aka kawo masa daga Kwatano, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Sai da na sayar da filin da nake shirin ginawa kafin na biya fiton da na ɗauka an riga an biya.

Na san an hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa tun 1 ga Janairu na 2017. Na kuma tuna a Maris na 2017 an ce duk mai mota ya je ya tantance takardunsa, Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa, aka jingine maganar, sai a Maris na 2024 aka sake buɗe dama ta kwana 90 domin masu irin wannan matsala su biya. Tambayata ita ce, me ya sa ofishin da ke ba da lambar mota a jiha ba zai iya ganin bayanan fito ba kafin ya yi rajista? Da an haɗa kwamfutocin biyu, da ranar farko za a gane, dillalin yana tsaye a gabana kuɗina kuma suna aljihunsa.

Alhaji Garba mai injin casa, Zariya:

Abdul, Allah ya mayar maka da alheri. Ni zan yi magana ne a madadin manoma da masu injin casar shinkafa, domin har yanzu ban ji an ambace mu ba. Da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Kebbi a Nuwamba na 2015, aka hana shigo da shinkafa ta iyakar ƙasa a 2016, sannan aka rufe iyakokin a Agusta na 2019, mutane da yawa sun ɗauki maganar gwamnati da gaske. Wasu sun ci bashi sun sayi injin cire tsakuwa da na goge shinkafa, wasu sun faɗaɗa noman rani, kuma shinkafa 'yar gida ta gyaru har ta shiga gidajen da da ba sa kallonta. Na yarda farashi ya hau a lokacin, talaka ya ji jiki, kuma na yarda 'yan uwanmu na garuruwan iyaka sun wahala, musamman da aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Disamba na 2020 aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum, amma haramcin shinkafa ya ci gaba.

Abin da ya fi karya mu shi ne rashin tsayawa a kan magana ɗaya. A Yuli na 2024 aka sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Manomin da ya sayi taki da tsada ya wayi gari farashin shanshera ya faɗi, wasu injinan suka rage aiki, wasu suka rufe. Idan a kan wannan kuma aka ce 'yar waje da ta shigo ta daji ta sami aminci da zarar ta iso kasuwa, to wa zai sake zuba jarinsa a gona? Buhun shinkafar Tailan ko Indiya ba kamar turmin atamfa ba ne, Hajiya, sunan ƙasar yana rubuce a jikinsa, kuma duk mai sayar da shi ya san ta inda ya biyo.

Hajiya Maman Hanifa:

Alhaji Garba, a kan shinkafa ba ni da ja, kun fi ni sani. Amma maganarku ta ƙara nuna cewa kaya iri-iri ne, bai kamata a yi musu hukunci ɗaya ba. Kuma ko a shinkafar, mai sayar da mudu-mudu a Kasuwar Barci ba ɗaya yake da mai sito ba.

Baba Ɗanjuma:

'Yata, ban ce a shiga rumfar mai mudu ba. Manyan sito nake nufi, waɗanda masu su sanannu ne, kuma babu tirelar da za ta sauke kaya a cikinsu unguwa ba ta sani ba. Alhaji Bello kuma ina so ya sani cewa mun san rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da lalacewar noman auduga duk sun taimaka wajen kashe masaƙu. Amma masaƙar da ke biyan haraji da albashi da kuɗin mai ba za ta iya gasa da kayan da ba su biya ko sisi ba, ko da an ba ta wuta kyauta. Idan sauƙaƙa fito ne maganin sumoga, to a gaya mana abin da zai kare mai masana'anta na gida.

Alhaji Bello mai fito:

Baba, Allah ya ja kwana. Abin da zai kare mai masana'anta shi ne haraji matsakaici wanda kowa yake biya, domin kashi 20 da aka karɓa a kan kowace kwantena ya fi kare shi a kan kashi 70 da rabin kayan suka kauce masa. Kuma akwai abin da ke hannunmu a nan Kakuri wanda ba mu ci moriyarsa yadda ya kamata ba, wato tashar tsandauri da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairu na 2018. An ba ta matsayin tashar da kaya za su iya tashi daga cikinta ko su sauka kai tsaye, ma'ana ɗan kasuwa zai iya sa a rubuta Kaduna a takardar jirgi, kwantena ta taso daga Legas a rufe da hatimi, a buɗe ta a nan, a duba a nan, a biya fito a nan. Wanda ya yi haka takardunsa da sunansa suke fitowa, kuma idan ya sayar wa Hajiya zai iya ba ta kwafi. Abin da ke rage mata armashi shi ne jigilar jirgin ƙasa ba ta tsaya da ƙafarta ba, sai an ɗora kwantena a tirela, kuɗin mota kuma ya cinye sauƙin da ake nema. Ga ta Dala a Kano da ta Funtuwa, duk buƙatarsu ɗaya ce.

Abdul, da kai da duk mai shirin sayen mota, kada ku biya kuɗi sai kun karɓi kwafin takardar bayanin kaya mai ɗauke da lambar C, wato lambar rajistarta a kwastam, da takardar lissafin fito, da rasidin banki, da takardar fita daga tasha. Ku duba lambar shasi da ke jikin takarda ku gwada ta da wadda ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba, harafi bayan harafi. Sannan ku ɗauki dillalin ku je ofishin kwastam tare a shigar da lambar a kwamfuta, a ga ko irin motar da shekararta da adadin da aka biya sun dace da abin da ke rubuce, domin akwai motar da takardarta ta gaske ce amma an rage mata shekara ko daraja, ita ma ana iya neman cikon kuɗinta daga baya. Dillalin da ya ƙi bin ku ofishin, ku bar masa motarsa.